Shaidar Maƙwabci da Idon Kyamara

A farkon shekarun 1960, falke kan taso da garken shanu daga Arewa, wani a ƙafa wani a jirgin ƙasa, ya sauka a gidan maigidansa a unguwar Sabo ta Ibadan. Mahautan garin Yarabawa ne. Bai san su ba, ba ya jin yarensu, kuma akasarinsu ba sa biya nan take, sai sun yanka sun sayar da nama, bayan makonni su kawo kuɗi. Abner Cohen, wani masani daga Ingila da ya yi nazarin unguwar a 1962 da 1963, ya ƙiyasta cewa shanu kusan 75,000 ake sayarwa a Ibadan duk shekara, galibi bashi, ba sa hannu a takarda, ba banki, ba zuwa kotu.

In aka ba da irin wannan labari yau, sai ka ji an ce ai mutanen da ke nan, Allah Ya yi su da amana. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma amanar nan a kan sa ido ta tsaya. Dillali ya san kowane mahauci ciki da bai. Ya san inda yake kasa nama, ya san abin da yake iya sayarwa a yini, ya san wa ke binsa bashi, ya san ko ya taɓa saɓa alkawari. Da wannan sani yake cewa a ba wane sa biyu, wane kuwa kada a wuce ɗaya. Idan mahauci ya gaza, maigida ne zai biya falke daga aljihunsa, domin in bai biya ba labari zai riga shi isa Arewa, baɗi ba wanda zai sauka gidansa. Mai binciken yana da abin da zai rasa, kuma gobe da safe zai haɗa ido da wanda ya bincika.

Haka zaman unguwa yake a garuruwanmu a da. Baƙo ba ya kwana biyu mai unguwa bai san da shi ba. Dattawan da ke zama a dakali bayan la'asar sun san yaron da ya daina zuwa masallaci da asuba, sun san gidan da hayaƙi bai tashi ba tun jiya. Wanda ya ce mutanen da suna da sirri fiye da mu, bai zauna a lungu ba. Abin da suke da shi, wanda mu muka yi sakaci da shi, shi ne ladabin abin da za a yi da sanin.

Dubi binciken aure. Baffan yarinya zai tafi unguwar su saurayi, ba zai shiga gidansu ba. Zai tsaya wurin liman, ya zauna teburin mai shayi, ya gaisa da telan bakin layi, can cikin hira ya ce, "Malam, yaron gidan Alhaji wane fa, yaya yake?" In yaron na kirki ne, amsa ba ta da wuya: "Wallahi ba mu san shi da komai ba sai alheri." In kuwa akwai magana, dattijo ba zai zauna ya lissafa masa laifuffukan yaro ba. Zai yi shiru kaɗan, ya gyara hula, ya ce, "To, ku dai ƙara bincike." Baffa ya gane. Yarinya ta tsira, shi kuma yaron ba a yi masa tambarin da zai bi shi har kabari ba. Bayan shekara biyar, in ya shiryu, wannan dattijon da bakinsa zai ce wa wani baffan, "Ai yanzu ya natsu." Shaida tana tafiya da mutum, tana canjawa in ya canja, domin masu ba da ita suna nan suna kallonsa.

Kuma ido yana da inda yake tsayawa. Ginin gidan Bahaushe da kansa yana faɗin haka: zaure na kowa, daga nan sai shigifa, sai tsakar gida wadda namiji baƙo ba ya taka ta sai da izini. Yaro yana koyon sallama kafin ya koyi ƙirga, ya kuma san in ya yi sau uku ba a amsa ba juyawa zai yi. Magini in zai hau katanga yaɓe, sai an aika gidajen maƙwabta cewa mata su kintsa za a hau sama. Ba al'ada ce kawai ba, karatu ne ya ratsa ta. Suratul Hujurati ta hana bin ƙwaƙƙwafi, ta haɗa shi wuri ɗaya da mummunan zato da cin naman mutane. Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba izini, ta nemi shaidu huɗu a kan zina, ta kuma yanke bulala 80 ga wanda ya yi ƙazafi bai kawo su ba. Imamu Gazali ya gindaya wa mai aikin hisba sharaɗi cewa ɓarnar da zai hana ta zama a bayyane take, ba wadda sai an leƙa ta katanga ba. Duk wannan yana nuna cewa shari'a ta fi tsoron a keta mutuncin mutum da zato fiye da mai laifin ɓoye ya kuɓuta daga hukuncin duniya.

Ba na cewa wancan zamanin aljanna ne. Idon unguwa ya cuci mutane da yawa. Bazawara ta sha zunɗe a kan abin da ba ta yi ba. An fasa aure saboda an tono cewa kakan kakan wani bawa ne, ko an taɓa yin kuturu a danginsu. Munafukan fada sun kai suka, an kore mutane daga gonakinsu. Mafi muni, an yi amfani da rufin asiri aka danne zalunci: a lalata yarinya ƙarama, manya su taru su ce a bar magana kada sunan gida ya ɓaci, mai laifi ya ci gaba da zama a sahun gaba. Wannan har yau bai ƙare ba, kuma ba shi ne rufin asirin da addini ya yaba ba. Malaman da suka hana leƙe su ne kuma suka ware inda ake tsoron ɓarnar da ba ta gyaruwa, kamar kisan kai, Mawardi ya faɗi haka a littafinsa na hukunce-hukuncen mulki. Laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa daban, wanda ya taka haƙƙin wani daban.

Sai gari ya faɗaɗa. Kano ta tsallake ganuwa ta cinye ƙauyukan da ke kewaye da ita, mutane suka koma gidajen haya inda maƙwabcinka na bara ba shi ne na bana ba. Mai unguwa ya daina sanin kowa. A 2001 wayar salula ta shigo, ba a daɗe ba ta zo da kyamara a jikinta. Mutanen Kano ba su manta da 2007 ba, shekarar da wani bidiyon sirri na wata 'yar fim ya fita ya yi ta yawo daga waya zuwa waya. Gwamnati ta dakatar da shirya fina-finai na tsawon watanni, an yi ta wa'azi a kan lalacewar tarbiyya. Abin da ba a cika yin wa'azi a kansa ba shi ne dubban mutanen da suka karɓa, suka kalla, suka tura wa na gaba, kowannensu yana ganin shi mai kishin addini ne. A ganina daga wannan lokaci ne fallasa ta samu rigar mutunci a wurinmu. Da mai tona asiri abin ƙyama ne, ana tashi in ya zauna. Yanzu yana da mabiya a Facebook da TikTok, har talla ake ba shi.

Hukuma ita ma ta buɗe nata idon. An fara rajistar layukan waya a 2011. Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da lambar BVN a Fabrairun 2014. A Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa ta NIN, tsofaffi da masu goyo suka yi ta kwana a layi ana tsakiyar annobar korona, a Afrilun 2022 kuma aka toshe kiran layuka fiye da miliyan 70 da ba a haɗa ba. Mun ba da zanen yatsunmu goma, da hoton fuska, da adireshi, bisa alkawarin cewa mai garkuwa da mutane ba zai ƙara samun wurin ɓuya ba. Wani abin ya yi amfani, ba a musu. Da taimakon BVN ma'aikatar kuɗi ta tarayya ta cire sunayen ma'aikatan bogi fiye da 23,000 daga takardar albashi a farkon 2016. Amma iyalan fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka sace ranar 28 ga Maris 2022 sun shafe watanni ana ciniki da rayukan 'yan uwansu ta waya. A Zamfara, a Satumbar 2021, maimakon a bi diddigin layukan 'yan bindiga, sai aka kashe wa jihar baki ɗaya sabis. Kyamarorin tsaron da aka bai wa kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilarsu a 2010, a cikin wani aiki na Dala miliyan 470, sun zama turaku a titunan Abuja ba sa ganin komai. A 2024 kuma ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan ƙasa a kan Naira 100, ko da yake hukumar katin ɗan ƙasa ta musanta cewa an kutsa rumbunta.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne wurin bashi, domin a nan ne ake ganin tazarar da ke tsakaninmu da dillalin Sabo. Wata rana saƙo ya shigo wayata daga lambar da ban sani ba, ɗauke da hoton wani tela da nake kai wa ɗinki, mutum mai 'ya'ya, wanda bai taɓa cin yadin kowa ba. An rubuta cewa ɓarawo ne, ya gudu da kuɗin kamfani, duk wanda ya san shi ya yi hattara. Ashe 'yan dubbai ya ranta a wata manhajar ba da bashi lokacin da matarsa ke asibiti, ya makara da biya kwanaki kaɗan. Ranar da ya sauke manhajar ya danna amincewa ba tare da ya san ya miƙa musu duk lambobin da ke wayarsa ba. Saƙon nan ya je wa surukinsa, ya je wa limamin masallacinsu, ya je wa matan da suka ba shi ɗinkin biki. Da na je shagon na same shi a kan keke, ƙafarsa tana kan feda amma ba ya takawa. Ya ce da ni, "Yallaɓai, kuɗin na biya su jiya. To wa zai bi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya ya gaya musu?"

Su ma masu manhajar bincike suka yi, kamar yadda dillali yake yi. Sun ma fi shi sanin abin da ke cikin wayar mutum. Sai dai ba su san mutumin ba, ba su san shekara ashirin da ya yi yana mayar da ragowar yadi ba, kuma ba abin da za su rasa in ya tozarta. Mutuncinsa suka karɓa jingina tun ranar farko. A 2021 hukumar NITDA ta ci tarar wani kamfanin irin wannan bashi Naira miliyan 10, a 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta kai samame ofisoshin wasu a Legas, a Yunin 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Duk matakai ne masu kyau. Amma tara tana shiga asusun gwamnati ne, ba ta mayar wa tela abin da aka ɗauke masa.

A kasuwa ma abin ya canja salo. Yau ka sayi kaya a shago ka tura kuɗi, ka nuna rasit a waya, mai shago ya ce, "Yi haƙuri Alhaji, sai alat ya shigo." Ba laifinsa ba ne, masu alat na bogi sun koya masa hankali. Haka manyan shaguna a Kantin Kwari da sauran kasuwanni sun cika da kyamara, maigida yana gida ko yana Dubai yana kallon yaransa a waya. Na fahimci dalilin, sata gaskiya ce, kuma kyamara ta wanke yaran da aka so a ɗora wa abin da ba su ɗauka ba. Amma akwai abin da tsohon tsari yake samarwa wanda wannan ba zai iya ba. Da, maigida kan bar yaro da aljihun tebur ya tafi masallaci. Wata rana ya aike shi banki da kuɗi kaɗan, wata shekarar ya tura shi Legas saro kaya da kuɗi mai yawa. A kowane mataki yaron yana da damar ya ci amana, kuma daga rashin cinta ne maigida yake gane wa yake tare da shi, har ranar da zai ware masa jari ya ce ya tsaya da ƙafarsa, wani lokaci ma ya haɗa masa da 'yarsa. Yaron da ya shekara goma a ƙarƙashin kyamara, abin da kawai maigida ya sani game da shi shi ne ba ya sata in ana kallonsa. Shi ma yaron ya san ba a taɓa yarda da shi ba, kuma mutum ba ya girma da amana a wurin da ba a taɓa ɗora masa ita ba.

Wannan sa idon ya shiga har ɗaki. Miji yana jiran mata ta yi barci ya buɗe wayarta, ita ma tana jiran ya shiga wanka. Abokai suna naɗar muryar juna a ɓoye saboda wata rana. Hirar da aka yi shekara uku da suka wuce cikin fushi ko wasa, a ɗauki hotonta a yanke farkonta da ƙarshenta a watsa. Ana tsammanin yawan hujja zai sa mutane su riƙa faɗin gaskiya, ni kuwa akasin haka nake gani. Mutumin da ya san kowace kalmarsa za ta iya zama odiyo gobe, magana yake yi irin ta gaban alƙali, a auna a tauna, ba amsa laifi, ba buɗe ciki.

Masu sulhu sun fi kowa sanin wannan. Sulhun ma'aurata ko na 'yan uwa a kan gado ba ya yiwuwa sai wani ya sauke kai ya ce, "Ni na yi ba daidai ba." Ba kuwa mai faɗin haka sai ya tabbata maganar a ɗakin za ta mutu. Na halarci wani zama da aka kira don sasanta wa da ƙani, kawunsu ya hana a fara sai da kowa ya kashe wayarsa ya ajiye a gabansa. Wani matashi ya ce, "Kawu, ai gara a naɗa saboda kada wani ya musa daga baya." Tsohon ya ce, "Ɗana, in aka naɗa ba wanda zai faɗi abin da za a musa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." A wannan zaman ne babban ya amsa cewa ya sayar da wani fili bai gaya wa kowa ba, aka yi lissafi, aka tsara yadda zai biya. Da magana ta fita waje, da ya rantse bai yi ba, da yanzu suna kotu.

Tuba ma tana bukatar wurin da ba kowa ke kallo ba. Mun taso muna jin cewa wanda ya rufa wa ɗan uwansa asiri Allah zai rufa masa nasa, kuma addu'ar da ta fi yawa a bakin talaka ita ce Allah Ya rufa asiri. Hikimar ita ce mutum yana iya faɗuwa ya tashi, in dai ba a tara masa jama'a a wurin da ya faɗi ba. Intanet kuwa ba ta mantuwa. Yarinyar da ta yi wauta tana shekara goma sha bakwai, ranar da aka sa mata rana wani zai tono bidiyon ya tura wa dangin ango. Ba dattijon da zai ce ai yanzu ta natsu, domin hoton yana nan yadda yake, bai san ta girma ba.

Ba ina kira a rufe ido ba ne. Al'ummar da ba ta bincike azzalumai ne ke cin ribarta. Tambayar ita ce wa ya kamata a fi sa wa ido, kuma a nan ne nake ganin mun juya abin a baibai. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa kariyar sirrin gidansa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya. Wanda ya riƙe dukiyar jama'a kuwa, shi ne ya kamata ya haƙura da wani ɓangare na sirrinsa, tunda da ƙafarsa ya zo ya nemi amanar. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya fahimci haka, ya bayyana kadarorinsa ga jama'a a 2007 ba tare da doka ta tilasta masa wallafawa ba. Kaɗan ne suka bi sahunsa. An yi dokar 'yancin samun bayanai a 2011, amma 'yan jarida sun san yadda ake shan wuya kafin ma'aikata ta amsa takarda ɗaya. Su kansu 'yan jaridar, ƙungiyar kare su ta CPJ ta ba da rahoto a 2020 cewa 'yan sandan Nijeriya sun yi amfani da bayanan kiran waya wajen kamo wasunsu ta hanyar abokai da 'yan uwa.

Talaka ya ba da yatsunsa goma kafin ya buɗe asusun da bai fi Naira dubu biyar a ciki ba, ya ba da fuskarsa kafin a bar shi ya kira mahaifiyarsa a ƙauye, kuma ba wanda ya tambaye shi ko ya yarda. A 2019 ƙungiyar SERAP ta nemi hukumar ɗa'ar ma'aikata ta ba ta takardun bayyana kadarorin shugabannin ƙasa da gwamnonin da suka yi mulki tun 1999. Hukumar ta ƙi, ta ce yin haka keta sirrinsu ne.